Wane Suna Za Mu Ba Fentin Da Ba Shi Da Gwangwani?

Kalmar fenti tana ɗauke da kayan da suka fi ƙarfinta. Abin da ake shafa wa bango da burushi fenti ne. Abin da ake fesa wa mota bayan fanel bita ya gama bugunsa fenti ne. Farin da ke jikin firji, da ruwan tokan da ke jikin akwatin wayoyin lantarki, da baƙin da ke ƙarƙashin mota wanda mai motar kansa bai taɓa leƙawa ba, duk fenti muke cewa. Lokacin da muka ari kalmar daga Ingilishi abu ɗaya take nufi: ruwa mai launi a cikin gwangwani, a shafa, a jira ya bushe. Tun daga tsakiyar ƙarnin da ya wuce masana'antu suka fito da wasu hanyoyi biyu na rufe ƙarfe waɗanda ba su da gwangwani, ba su da burushi, kuma ba bushewa suke yi ba. A ta farko ana fesa wa ƙarfe busasshen gari, a kai shi tanda. A ta biyu ana tsoma ƙarfen a cikin tanki a sakar masa lantarki. Kayan da aka yi wa waɗannan ayyuka sun cika gidajenmu da ofisoshinmu da titunanmu, amma har yau ayyukan ba su da suna a Hausa.

Wani zai ce me ya yi zafi. Zafin yana wurin biyan kuɗi. Wanda ya ba da kwangilar gadajen asibiti ko kujerun makaranta ko tagogin alminiyam, ya rubuta cewa a yi musu fenti mai kyau, bai faɗi kome ba, domin aikin da zai kai shekara ashirin da wanda zai fara ɓarewa bayan damina biyu duk sun cika wannan sharaɗi ranar da aka kawo su. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma wannan linzamin ba ya juya dokin ko'ina.

Mu fara da hanyar gari. Masu Ingilishi suna kiranta da sunan da kunnen Bahaushe ke ji kamar fauda kotin, wato rufi da gari. Sun kama abin da ake amfani da shi suka yi suna da shi. Abin dariya shi ne kalmar farko ta sunan ta daɗe da shigowa Hausa ta wata ƙofar: ita ce hoda. Sai dai hoda ta riga ta tare a ɗakin mata, ta zama ta fuska, har ta haifi sunan launi, ruwan hoda. Duk wanda ya rubuta fentin hoda a allon shagonsa zai sha tambayar ko ba ya yin baƙi da shuɗi. Saboda haka wannan ƙofa a rufe take. Abin da ya rage mana shi ne gari, kalmarmu ta gado, wadda ta ɗauki garin dawa da garin magani da garin siminti ba tare da ta gaji ba. Ita ma tana da ɗan tarkonta a rubuce, tun da boko ba ya nuna tsawon wasali: garin fenti zai iya zama garin da ake fesawa, ko wani gari mai suna haka, ko kuma abin da ya faru garin yin fenti. Idan aka juya aka ce fentin gari, an rage ruɗanin, ko da yake mai neman rigima zai ce ashe akwai fentin ƙauye. Baki dai ba ya ruɗewa, domin garin tuwo da garin Kano ba ɗaya suke fita ba.

Shi wannan gari ba fentin gwangwani ba ne da aka shanya. A masana'anta ake haɗa ƙaron roba, wanda galibi efoksi ne ko foliyesta, da sinadarin da zai taurara shi, da launi. A cuɗa su da ɗumi a cikin inji har su zama dunƙule ɗaya, a shimfiɗa, a sanyaya, a farfasa, a niƙa. Ƙwayar garin ba ta cika wuce mikiron 30 zuwa 50 ba, mikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Abin feshin, wanda Turawa ke kira bindiga, yana da allura a baki mai ɗauke da ƙarfin lantarki da kan kai bolt 100,000, amma wutar da ke gudana kaɗan ce ƙwarai. Garin da ya bi ta gaban allurar sai ya ɗauki caji. Ƙarfen kuma yana rataye a ƙugiya da aka haɗa da ƙasa ta waya, sai ya janyo garin, har wanda ya wuce ya kan karkato ya manne a bayansa. Ƙarfin da ke riƙe shi shi ne dai wanda ke sa mutum ya ji tsit a yatsa idan ya taɓa ƙofar mota da hunturu. A wannan matakin da hannu ma za a iya share garin. Sai an kai shi tanda, a digiri 180 zuwa 200, na minti 10 zuwa 20, sannan ya narke, ya kwanta, sinadaransa su sarƙe da juna su zama fata ɗaya wadda ba za ta sake narkewa ba. Kaurinta yakan kama daga mikiron 60 zuwa 120. Garin da bai manne ba kuwa ana tsotse shi a tace a sake fesawa.

Asalin aikin ma ba da feshin caji ya fara ba. A 1953 wani masanin Jamus, Erwin Gemmer, ya nemi rajistar wata dabara: a hura iska daga ƙasan akwatin gari har garin ya riƙa motsi yana tafasa ba wuta, a zafafa ƙarfe, a tsoma shi ciki, garin ya narke a jikinsa. Feshi da caji ya zo ne a farkon shekarun 1960, kuma Faransa na cikin inda aka fara ƙera na'urarsa. Abin da ya ba shi kasuwa kuwa doka ce. A 1966 hukumar kula da iska ta yankin Los Anjalas a Amurka ta kafa ƙa'idar da aka sani da Doka ta 66, wadda ta takura wa sinadaran da ke tashi daga fenti, dangin tina, saboda hayaƙin da ya addabi birnin. Fentin da ba shi da tina kwata-kwata ya samu shiga ke nan.

Faransawa ba su kalli garin ba, zafin suka kalla. Sunan da ya fi yawo a bakin masu aikinsu yana fita kamar tarmolakaj, daga kalmar Girkanci mai nufin zafi da kalmar da ke nufin shafe mai sheƙi. Maƙerin zamani da ya koyi aiki a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai wannan sunan zai gani a takardun kaya, yayin da takwaransa na Katsina ke ganin na Ingilishi, kuma idan suka haɗu ba lalle su gane abu ɗaya suke magana a kai ba. Idan muka bi sawun Faransawa za mu ce gasasshen fenti. Sunan yana da daɗin faɗa, kuma ya kama gaskiyar da ta fi muhimmanci, wato ba tanda ba aiki. Amma wasu sun riga mu zama a wurin. Masu fentin mota a manyan biranen Najeriya suna tallar fentin obin, wanda fentin ruwa ne da ake fesawa a rufaffen ɗaki, a ɗumama ɗakin zuwa digiri 60 ko sama da haka kaɗan don ya yi saurin bushewa ƙura ba ta hau ba. Aiki ne mai kyau a muhallinsa, amma ba shi ne wancan ba. Motar da aka riga aka haɗa, da robobinta da wayoyinta da kujerunta, ba za ta shiga tanda mai digiri 200 ta fito a mota ba.

Akwai kuma wani gasasshen rufi da ya girme su duka a gidan Bahaushe. Langa da fanteka da samira da iyayenmu mata suka jera a bango ƙarfe ne da aka lulluɓe da niƙaƙƙen gilashi, aka gasa a zafin da ya kai digiri 800. Shi ya sa idan langa ta faɗi take tsagewa ta yi baƙin tabo, tsatsa ta kama daga nan. Fentin gari roba ne, yana ɗan lanƙwasa tare da ƙarfen. Ban taɓa jin wata tsohuwa ta kira abin da ke jikin langa fenti ba. Sunan kwanon ya haɗiye sunan rufinsa, ba a ma ji bukatar raba su ba.

To, me zai hana a ce fentin wuta? Nan ne Hausa ta yi mana wasa. Wuta a bakinmu ita ce ta murhu, ita ce kuma ta waya. Kalmar lantarki tana nan, amma ta labarai ce da takarda. A unguwa an kawo wuta ake cewa. Hanyar gari tana amfani da wutar waya wajen manna gari, da wutar tanda wajen narkar da shi. Hanyar tanki ma haka, wutar waya a tanki, wutar tanda daga baya. Ke nan fentin wuta ya dace da kowace hanya sau biyu, amma bai raba ɗaya da ɗaya ba, wato ya faɗi gaskiya ba tare da ya amfani mai saye ba.

Hanya ta biyu ta fi yawan sunaye, kuma ta fi ɓuya, domin ba a cika ganin aikinta ba. Masu Ingilishi sun gajarta suna cewa i-kot, rufi da lantarki. Faransawa suna cewa kataforez. Jamusawa suna rubuta haruffa uku, KTL, kuma a ganina nasu ya fi na kowa cika, domin haruffan suna tsaye ne a madadin abu uku: ɓangaren lantarkin da aka haɗa ƙarfen da shi, da tsomawa, da fenti. Wanda ya ji sunan ya ji aikin.

Sunan Faransancin yana da dogon tarihi a bayansa. Rabinsa na biyu daga Girkanci ne, ma'anarsa ɗauka ko kaiwa. A 1807, a jami'ar Mosko, Ferdinand Reuss ya lura cewa idan aka sa lantarki a ruwan da ke da laka, ƙwayoyin lakar sukan yi tattaki zuwa ɓangare ɗaya. Lantarki ya ɗauke su ya kai su. Rabin farko kuma yana nufin ƙasa ko gangara, kuma shi ne tushen kalmar katod. A 1834 ne Michael Faraday, da shawarar William Whewell na Kambirij, ya raɗa wa ɓangarorin lantarki biyu suna: anod, hanyar hawa, da katod, hanyar sauka. Su ma mutanen da suka gano abin sai da suka zauna suka yi ta musayar wasiƙu kafin su sami sunan da zai zauna. Wannan ya kamata ya rage mana jin kunyar ƙirƙira.

Wanda ya mayar da abin sana'a kamfanin Ford ne. Matsalarsu ita ce motoci suna ruɓewa daga ciki, daga cikin ƙofofi da ginshiƙai da lungunan da feshi ba ya kaiwa, musamman a garuruwan da ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara. Wani masanin sinadarai nasu, George Brewer, ya ja ragamar binciken tun ƙarshen shekarun 1950, kuma a 1963 suka fara tsoma gangar jikin mota sukutum. A wancan lokaci ƙarfen anod ne, kuma wannan yana da aibi, domin ɗan wani abu daga ƙarfen yakan narke ya shiga fentin ya raunana shi. A farkon shekarun 1970 kamfanin PPG ya fito da irin da ƙarfen ke zama katod, kuma kafin shekarun su ƙare masu ƙera motoci sun fara komawa kansa. Yau da wuya a sami motar da ta fito daga babbar masana'anta ba ta sha wannan wanka ba, har da tsofaffin da ake shigo mana da su ta Kwatano.

Ruwan tankin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari tataccen ruwa ne, sauran kuma ƙwayoyin ƙaro da launi masu ɗauke da caji. A nutsar da ƙarfen, a ba da wuta mai bolt 200 zuwa 400 na minti 2 ko 3. Ruwan da ke taɓa ƙarfen sai ya fara rabuwa, yanayinsa ya canja ta yadda ƙaron ba zai iya ci gaba da zama a narke ba, sai ya daskare a jikin ƙarfen. Bahaushe ya san tsomawa tun daga marina, inda ake nutsar da zane a karofi ya sha baba ko'ina, ba wurin da hannu ya manta. Amma kamar ta tsaya nan. Zane yana ƙara duhu gwargwadon yawan tsomawa, shi kuwa wannan fenti da kansa yake tsayar da kansa. Duk inda ya kwanta ya toshe wa lantarki hanya, sai wutar ta nemi inda ƙarfe yake tsirara, ta bi shi har cikin bututu da bayan walda. Idan ko'ina ya rufu aiki ya ƙare, a kauri kusan ɗaya, wajen mikiron 20. Daga nan a ɗauraye, a gasa. Hanyar gari ba ta da wannan baiwa. A cikin kusurwa mai zurfi cajin yakan ture garin ya hana shi shiga, matsalar da masu aikin ke kira kejin Faraday. Sunan mutumin ya fito a hanyoyin biyu, a ɗaya ana gode masa, a ɗaya ana kuka da shi.

Ni dai fentin tsomawa zan ce, idan ana son cikawa a ƙara da lantarki. Ba zan yarda da fentin lantarki kawai ba, saboda zai faɗa cikin wani taro da ya riga ya cunkushe. Akwai ruwan gwal da ake yi wa sarƙa da ɗan kunne, da farin sheƙin da ke jikin famfo da salansar babur. Su ma tanki ne da lantarki, amma abin da ke hawa jikin kayan wani ƙarfe ne, zinari ko nikel ko kurom, ba roba ba. Dabara ce da ta girmi fentin tsomawa da fiye da ƙarni, tun da a 1840 'yan gidan Elkington na Birmingham suka yi mata rajista. Hausa ta yi dace a nan, domin ruwan gwal suna ne da ya zauna daram, kowa ya san ba gwal ne har ciki ba.

Sai galbanaiz, wanda masu walda ke faɗa kullum idan suna cinikin fayif, kuma shi ne misalin sunan da ya yi ƙarya amma ya rayu. An samo shi daga sunan Luigi Galvani, likitan Bolonya da ya ga ƙafar mataccen kwaɗo tana motsi idan ƙarafa biyu suka taɓa ta. Mai jin sunan zai ɗauka da lantarki ake yi. Alhali dabarar da Stanislas Sorel ya yi wa rajista a Faransa a shekarun 1830 tsoma ƙarfe ce a narkakkiyar tutiya mai zafin digiri 450, ba waya ba batir. Lantarkin da sunan ke nufi yana zuwa ne daga baya, lokacin da ruwa ya taɓa inda aka karce, tutiyar ta riƙa cinyewa a madadin ƙarfen. Mu da muka kira ƙarfen da aka yi wa wannan aiki kwanon rufi ba mu yi wa kowa alkawarin kimiyya ba.

Duk waɗannan sunaye, na Turawa da waɗanda nake ba da shawara, sun tsallake matakin da ya fi yanke hukunci a kan tsatsa, wato abin da ake yi wa ƙarfe kafin fenti ya taɓa shi. Sabon ƙarfe yana zuwa da maiƙo da ɓawon masana'anta. Sai an wanke maiƙon da sinadari, an kankare tsatsa da feshin yashi ko ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, an ɗauraye, sannan a tsoma shi a ruwan fosfet wanda ke barin wata siririyar shimfiɗa da fenti zai kama. A layin fentin tsomawa tankunan wanki da ɗauraya sun fi na fentin yawa nesa ba kusa ba. Fentin garin da aka fesa a kan maiƙo zai fito daga tanda yana sheƙi daidai da wanda aka yi wa cikakken wanki, sai bayan wata da watanni ya fara tashi falle-falle, ruwa ya shiga ƙarƙashi ya ci ƙarfen a ɓoye. Wannan matakin ba ya bukatar baƙuwar kalma. Wanki ya isa, kuma tambayar wane irin wanki aka yi masa ta fi tambayar launi amfani.

Jari ne ya sa hanyoyin biyu ba su yaɗu daidai ba. Mai ƙaramin jari zai iya kafa fentin gari da abin feshi ɗaya, da kwamfuresa, da tandar gas. Fentin tsomawa kuwa sai babbar masana'anta, domin tankin mota yana cin lita dubu ɗaruruwa, kuma dole famfuna su riƙa juya ruwan dare da rana, in ba haka ba ƙwayoyin su kwanta a ƙasa tankin ya lalace. Inda wuta ke zuwa tana tafiya, wannan sharaɗi ne mai tsada.

Launi ma ya bar suna ya koma lamba. Wata hukumar Jamus da ake kira RAL ta fitar da jerin launuka 40 a 1927, kuma yau kwalayen garin fenti da lambobinta suke zuwa. Lambar farko tana nuna dangi: 1 rawaya, 3 ja, 5 shuɗi, 6 kore, 7 ruwan toka, 9 fari da baƙi. RAL 9005 baƙi ne ƙirin, 7035 kuma shi ne tokan nan mai haske na akwatunan lantarki. Ruwan goro da ruwan ƙasa da ruwan toka sun fi daɗi a kunne, amma ruwan toka goma ne, kuma fentin gari ba a gauraya shi a bokiti a gyara launi yadda ake yi wa na gwangwani. Idan aka haɗa gari biyu ɗigo-ɗigo yake fitowa. Wanda zai ƙara tagogi bayan shekara uku lambar zai nema.

Ko fentin gari da na zaɓa bai gama magana ba, domin garin iri-iri ne. Na efoksi ya fi kama ƙarfe ya fi jure sinadari, shi ya sa ake rufe bututun mai da shi kafin a binne, amma rana tana cinsa, ya dusashe ya riƙa barin fari a hannu kamar alli. Na foliyesta shi ne mai jure rana. Fentin tsomawa galibinsa efoksi ne, saboda haka a ƙarƙashi yake zama a ɗora masa wani a sama, wani lokaci ma garin foliyesta ake ɗorawa. A ƙasar da rana ke dukan ƙofar gida daga hantsi har la'asar, takardar kwangila tana bukatar ƙarin kalma biyu bayan sunan: na ciki, ko na waje.